Jaridar da Na Naɗe Ƙosai da Ita

A Minna ta yau, in ka tsaya sayen ƙosai a bakin titi, ko a Fadikpe ko a Dutsen Kura, cikin baƙar leda za a jefa maka shi, ka ci ka yar, iska ta kwashe ledar ta rataye a kan wayar lantarki. A Minnar da na tashi a cikinta babu leda. Ganye ne ko takarda, kuma a unguwarmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa takarda ta fi yawa, domin ma'aikatan jirgi masu karanta jarida ne, in sun gama su kawo wa matansu. Saboda haka tun kafin in iya karanta jarida na riga na san halinta. Na san wadda ke shan mai, na san wadda tawadarta ke fita ta ɓata ƙosai, na kuma san yadda ake ninke shafi a ja masa wuƙa ya rabu gida huɗu ba tare da ya karkace ba.

Wata safiyar Asabar a tsakiyar damina, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, ina aji shida, ina tsaye a tasha da tiren ƙosai a kaina, jirgin da zai yi arewa yana huci. Wani fasinja ya leƙo ta taga ya yafito ni. Na sauke tire, na zaro takarda ɗaya daga ƙasan kwano kamar yadda na saba, na ɗora masa ƙosai na yayyafa yaji, na miƙa sama ina ɗage. Sai da ya karɓa, jirgin ya fara motsi, sannan idona ya faɗa kan takardar. Hoton wata amarya ce baƙar fata, da farar riga, da furanni rataye a wuyanta, mai ya fara ratsa gefen fuskarta. Na san amaryar. Kwana biyu kafin nan na gan ta a cikin ajinmu, a hannun malamarmu, cikin jaridar da ta ce mana ba ta da abin da ya fi ta daraja a cikin kayanta. Na bi jirgin da gudu ina kiran mutumin, shi kuwa ya ɗauka canji na manta, ya ɗaga mini hannu yana dariya alamar ya bar mini. Ina kallo jirgin ya shige da amaryar.

Sunana Asabe. Mahaifina mai duba tikiti ne a jirgi, yakan yi kwana biyu ko uku a hanya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke suyar ƙosan da rabin unguwa ke karya kumallo da shi. Aikin gidanmu kewaye da wake yake. Da la'asar mu surfa, mu wanke, ƙaiƙayin ya tashi sama mu tsiyaye, mu jiƙa. Da asuba Inna ta niƙa, ta buga ƙullu har ya tashi, ni in hura wuta da itacen da muka ɗauko ranar Lahadi daga Dutsen Kura, wanda a lokacin daji ne da gonaki, ba gida ko ɗaya sai bukkar masu tsaron gona. Ruwa kuwa a famfon tasha muke ɗebowa, a nan ne kuma ake carafke da 'yar gala-gala kafin layi ya zo kan mutum. Ƙawata ta kusa ita ce Rifkatu, 'yar wani manomi Bagwari daga Fadikpe, Kirista, wadda take zaune wurin yayarta kusa da mu saboda makaranta. Ita ta koya mini Gwaranci, ni na gyara mata Hausa, Nufanci kuwa dukanmu a kasuwa muka tsince shi.

A farkon wannan shekarar aka kawo wa garin wasu malamai daga Amurka. Turawa mun saba gani, ba su ba kowa mamaki ba. Wadda ta tsayar da kasuwa ita ce Malama Alis, domin baƙa ce kamar mu, har ta fi Rifkatu duhu, amma ba ta jin ko yare ɗaya na ƙasar nan. Mata masu doya daga Garatu suka gaishe ta da Gwaranci, ta yi murmushi. Masu kifi suka gwada Nufanci. Wata Bayarabiya mai kanti ta rantse 'yar garinsu ce take ɓoyewa. Inna ta ce ita dai ba ta yarda akwai baƙin mutum da bai da yaren uwa ba, sai dai in an sace shi yana jariri. Da na girma na gane Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba. A babbar makaranta Malama Alis ke koyarwa, amma sau biyu a mako takan hau keke ta zo firamarenmu ta karɓi darasin karatu.

Ranar Alhamis ɗin nan ta shigo aji ba da littafi ba, sai da wata ambulan mai kauri. Ta buɗe taswirar duniya, ta nuna mana Afirka, ta nuna Amurka, sannan ta ja yatsanta ta wuce Amurka ta shiga cikin shuɗin teku, ta yi ta tafiya har muka ɗauka ta ɓata hanya, sai ta tsaya a kan wasu ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Ta ce nan ne tsibiran Hawai, nan ta girma. Ta ce kakanninta daga wannan ɓangare namu aka kwashe su zamanin cinikin bayi, mahaifinta kuma aikin tashar jiragen ruwa ya kai shi tsibiran lokacin babban yaƙi, ya zauna bai koma ba. Baƙaƙen fata a can ba su da yawa, a warwatse suke cikin wasu jinsunan mutane, kuma manyan jaridun wurin ba su cika ambatonsu ba sai in wani ya yi laifi. In an haifi ɗa, shiru. In yarinya ta gama makaranta, shiru. In tsoho ya mutu, shiru. Sai mahaifinta ya sayi wani tsohon injin buga takarda ya ajiye a bayan ɗakinsu. Da rana yana dakon kaya a tashar ruwa, in ya taso ya jera haruffa da hannu, matarsa ta ninke, 'yarsa ta ɗauka ta kai shagunan aski da ƙofar coci.

Sannan ta zaro jaridar. Ƙarama ce, takarda ɗaya aka ninke biyu ta ba da shafi huɗu, sunanta da Turanci yana nufin maƙwabci. Mu da muka saba ganin jaridun Ikko da Kaduna cike da ministoci da manyan riguna, abin da ya kama mu shi ne babu babban mutum ko ɗaya a cikinta. Ga amarya. Ga wanzami yana sanar da cewa ya koma sabon shago. Ga sunayen yaran da suka ci jarrabawa. Ga wata tsohuwa tana cigiyar ɗan'uwanta da suka rabu shekaru da yawa. A shafin farko kuwa ga hoton wani mutum mai faɗin kafaɗa, sanye da kwat, ya dafa inji da hannu ɗaya. Ta ce wannan ne mahaifinta, wannan kuma shi ne bugu na ƙarshe, abokansa ne suka fitar da shi bayan rasuwarsa, da rubutun da ya bari bai buga ba. Ta ce hotonsa da take da shi ke nan a duniya. Sauran kuwa ruwa ya lalata su a wani gida da suka zauna.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa ta ba ni aronta. Ni dai na san na tsaya bayan an tashi, na ce mata Baba ba zai yarda ba in bai gani ba, domin na sha jin yana gaya wa abokansa cewa baƙar fata a Amurka ba shi da bakin magana, balle jarida. Ta dube ni. Ta ce to, a nuna wa Baba, ranar Litinin in dawo da ita. Ina jin abin da mahaifinta ya koya mata ke nan, cewa ba a buga jarida don a ɓoye ta.

A gidanmu akwai wata doka da ba wanda ya taɓa faɗinta da baki. Inna ba ta karatun boko, don haka ba za ta iya bambance takardar aiki da wadda aka gama da ita ba. Sai suka shirya tsakaninta da Baba: duk takardar da ke cikin akwatinsa ba a taɓa ta, duk wadda ya ɗora a kan murfin akwatin ya gama da ita, ta ƙosai ce. Na san wannan doka kamar yadda na san sunana. Amma ranar Juma'a da yamma, da zumuɗin in sa ta inda idon Baba zai fara sauka in ya shigo, na cire ta daga ambulan na shimfiɗa ta a kan murfin akwatin. Baba bai dawo ranar ba, ruwan sama ya tsare jirginsu a hanya. Da asuba Inna ta shiga ta tarar da takarda a inda takardarta ke zama. Ta ɗauka, ta ja mata wuƙa, ta tashi gida takwas, ta sa mini a tire.

Da jirgin ya ɓace na tsuguna a tasha na zazzage takardun da suka rage. Uku na samu na Malama, ba hoton mahaifinta a ciki. Ɗaya ta tafi arewa. Saura huɗu suna cikin gari, a hannun mutanen da suka ci ƙosaina tun fitowar rana. Ban yi kuka ba a lokacin, tsoro ya fi ƙarfin kuka. Na ruga wurin Rifkatu, na tarar da ita tana wanke-wanke. Ta saurare ni har ƙarshe, ta goge hannu a zane, ta ce ai mai talla ba ta manta hanyarta, in lissafa mata gida-gida inda na tsaya.

Mai shayin bakin tasha ya ajiye tasa a ƙarƙashin kwalba don hura wutar yamma, ya miƙo mini yana tsokanata cewa yau kuma masu ƙosai sun fara karɓar takardarsu, gobe sai su ce a dawo da yajin. Ta biyu wani lebura ya goge hannu ya jefa a kwata. Rifkatu ce ta sunkuya ta tsamo ta da tsinke biyu, ta shimfiɗa a kan dutse mai zafi. Ta uku sai da muka je har kasuwa, muka bi layin masu nono muna leƙa ƙwarya-ƙwarya, kafin muka sami Bafulatanar da ta saya. Ta riga ta ƙulle kanwa a ciki. Ba ta ko tambaye mu dalili ba, ta juye kanwar a bakin mayafinta ta ba mu. Duk cikin ukun nan babu hoton. Mutum ɗaya ya rage a hanyata, Baba Ndagi tela, wani Banufe mai shago kusa da gidan waya, wanda shi ke ɗinka wa akawuna da malaman makaranta kayan Turawa.

Tun daga ƙofa na hango hoton. Baba Ndagi ya warware takardar, ya soke ta da allura a jikin allon da ke saman kekensa, cikin hotunan samfurin ɗinki da yake yankowa daga mujallu. Mahaifin Malama yana kallonmu, mai ya zagaye kansa ya yi duhu, amma fuskar tana nan. Na gaishe shi, na ce takardar nan na zo karɓa. Ya ce wace takarda, shi ai ya saya tare da ƙosai, kuma shekara da shekaru yana neman irin wannan wuyan kwat bai samu ba. Ya ciro ta ya nuna mana yadda wuyan ya kwanta, da inda aka sa maɓalli, kamar mu ne za mu ɗinka. Sai a nan kukan ya zo mini. Rifkatu ce ta yi masa bayani da Nufanci. Ya sake duban hoton, wannan karon ba kwat ɗin yake kallo ba.

"Ashe marigayi ne," in ji shi. "'Yar Inna, zauna. Ba zan hana ki ba. Amma ki bar ni in zana wuyan nan tukuna."

Muka zauna a benci ya zana shi da alli a kan wani ƙyalle, a hankali, harshensa a waje. Da ya gama ya sa takardar tsakanin kwali biyu ya ba ni, ya ce kar in ninke.

Na yi niyyar in ɓoye wa Inna, amma yarinyar da ta fita talla da safe ta dawo bayan azahar da rabin ƙosai a tire ba ta da abin ɓoyewa. Na zata duka zan sha. Inna ta ji labarin tana tsaye, sai ta zauna a kan turmi ta ce in ba ta hoton. Ta riƙe shi da gefe-gefe, ta ce da hannunta ta ja wuƙa kusa da kunnen wannan bawan Allah ba ta ko dube shi ba. Daga nan sai ta shiga aiki. Ta barbaɗa wa takardun garin alli ya tsotse man, ta kakkaɓe. Ta sa gawayi a dutsen guga, ta rufe su da tsohon kallabi ta goge ɗaya bayan ɗaya. Ta jiƙa ƙaro ya narke, ni ina haɗa layin rubutu da layin rubutu, ita tana liƙawa da siraran takarda ta baya. Kafin magariba jaridar ta koma jarida, da tabo, da ɗinki kamar tsohon zane, da kuma rami mai kusurwa huɗu a ƙasan shafin farko, inda ƙarshen rubutun marigayin yake, wanda amarya ke bayansa.

Na ce zan kai mata ranar Litinin in ba ta haƙuri. Inna ta ce a'a, wannan ba laifin da yaro ke kai haƙurinsa ba ne, kuma ba ya kwana biyu. Washegari Lahadi, bayan an taso daga coci, ta ɗaura zanenta na fita, ta soya ƙosai na musamman, ta naɗe shi a ganye, muka tafi gidan malamai. Malama Alis ta fito da murna, ta ce mana sannu da zuwa da 'yar Hausarta. Inna ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi wa wanda ta girma ba, ta ajiye kwalin a gabanta, ta juyo ta ce mini: "Faɗa mata duk abin da na faɗa, kar ki rage, kar ki gyara."

Wannan ne tafinta na farko da na yi a rayuwata. Inna ta faɗi dokar akwati, ta faɗi wuƙa, ta ce yarinya ta yi wauta amma hannun da ya yaga nata ne. Ni kuma ina mayarwa da Turanci. Malama ta buɗe kwalin. Ta bi layin ƙaron da yatsa, ta tsaya a kan fuskar mahaifinta, hawaye suka zubo mata. Ni a raina na riga na gama cewa ba za ta ƙara kallona ba. Sai ta tambayi inda kowane yanki ya je. Na ba ta labarin mai shayi, da kwata, da kanwar Bafulatana. Da na zo kan Baba Ndagi da wuyan kwat, sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. Ta ce kwat ɗin ma ba nasa ba ne, na wanzamin nan ne da ke shafi na uku, aro ya yi don hoton, mahaifinta bai taɓa mallakar kwat ba. Ta kama hannun Inna ta tashe ta. Ta ce in gaya wa Inna cewa a tsibirinsu da wannan jaridar ake naɗe kifi, kuma mahaifinta ba ya jin haushi, abin da kawai yake roƙo shi ne a karanta kafin a naɗe.

Inna ta nuna ramin, ta tambaya me ke wurin. Malama ta ce ta haddace shi. Ta yanko farar takarda daidai ramin, ta ba ni alƙalami, ta ce rubutuna ya fi nata kyau. Tana faɗa ina rubutawa, in na gama jimla in mayar wa Inna da Hausa. Ba zan ce na riƙe kalmominsa daidai ba bayan shekarun nan, amma ma'anar ba ta bar ni ba. Ya ce shi ba marubuci ba ne, ɗan dako ne. Ya ce abin da ya sa yake buga sunayen mutane shi ne don in jikokinsu sun zo nema wata rana, su tarar da shaidar cewa mun zauna a nan, mun yi aure, mun yi aiki, mun binne namu. Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafinta.

"To mu fa, Malama? Wa ke rubuta namu?"

Na mayar da tambayar da Turanci. Sai Malama ta juyo, ni ta kalla.

Mako biyu bayan haka ajinmu ya fara tasa jaridar, da hannu, a kan babbar takarda ɗaya da ake liƙawa a bangon makaranta. Rifkatu ce ke kawo labarin Fadikpe da Garatu, wa ya haƙo doyar da ta fi girma, wa aka yi wa baftisma. Ni nake kawo na bayan tasha, sunan jariri, wanda ya sauke Alƙur'ani, wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Iyayen da ba su taɓa taka makarantar ba suka riƙa zuwa a nuna musu inda sunansu yake. Baba da ya dawo ya ji abin da ya faru, ya je da kansa ya ga jaridar mai faci, bai ƙara cewa baƙar fatan Amurka ba su da baki ba. Baba Ndagi kuwa ya ɗinka kwat ɗin. Kirsimetin shekarar da Sallar da ta biyo baya, akawunan jirgi da malaman makaranta sun yi ta yawo a Minna da wuyan kwat na wani wanzami da ke tsakiyar teku, suna kiransa ɗinkin Baban Malama.

Malama Alis ta koma ƙasarsu bayan shekara biyu, da jaridarta a cikin kwalin Baba Ndagi. Mun yi musayar wasiƙa har lokacin da ƙasarmu ta shiga yaƙi, daga nan hanya ta yanke, ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Ni kuwa tafinta ya zame mini sana'a. Na ƙara Faransanci da Larabci a kan abin da na tsinta a Minna, aikin ya kai ni ƙasashe da yawa. Duk inda na sauka nakan nemi irin waɗannan ƙananan jaridu, kuma ban cika rasa su ba. Na gan su a shagunan 'yan Afirka a Faris, na gan su wurin Hausawan Sudan, na gan su a Landan a kan teburin masu sayar da garin rogo. Kamanninsu ɗaya: shafi kaɗan, kuskuren bugu da yawa, mutum ɗaya ko biyu suna ɗauke da ita bayan sun taso daga wani aikin. Manyan jaridu suna gaya maka abin da aka yi wa mutane. Waɗannan suna gaya maka su wane ne mutanen.

Ina gab da barin aiki wani taro ya kai ni Hawai. Ranar da muka sami hutu abokan tafiyata suka nufi bakin teku, ni na nufi ɗakin karatu. Wata ma'aikaciya ta fito mini da abin da suke da shi na jaridun baƙaƙen fatan tsibiran. Ban ga tarin da na zata ba. Ta ce haka tarihinsu yake a wurin: wani ya fara, ya yi iya ƙarfinsa, in ya gaji ko ya ƙaura ko ya mutu jaridar ta tsaya, a yi shekaru shiru, sai wani ya sake farawa, sau da yawa bai ma san an yi wata kafin tasa ba. Abin da ya tsira daga akwatunan tsofaffi ya fito. Na zauna ina buɗe su, ga amare, ga masu aski, ga yaran da suka ci jarrabawa, kamar ina aji shida. Na faɗa mata sunan jaridar mahaifin Malama. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce ba su da ita, ba su ma taɓa jin sunanta ba. Ta tambaye ni a ina na gan ta. Na ce a kan tiren ƙosai. Ta jawo kujera ta zauna, ta sa na ba ta labarin daga farko, tana rubutawa. Da ta zo wurin da za ta sa inda aka ga jaridar, na faɗa mata Minna harafi-harafi.

Yanzu na dawo gida, ina zaune a Dutsen Kura, a wurin da nake jin nan muke yin itace a da. Jikokina suna samun labarin duniya a waya kafin in gama alwala, ba na kuma ƙin wannan. Sai dai in na ce su nuna mini sanarwar auren da aka yi bara, sai su ce ta shige, ba a samunta. Bangon makarantarmu an rushe shi tuni, Rifkatu ta rasu, shagon Baba Ndagi ya zama wurin cajin waya. Nakan tuna mutumin nan ɗan dako da ya ga mutanensa ba sa cikin rubutun kowa, bai kai ƙara ko'ina ba, ya sayi tsohon inji. Nakan kuma tuna fasinjan da ya tafi arewa da amarya da ƙarshen rubutun, ina fatan ya juya takardar ya karanta kafin ya yar.

Inna ta ci gaba da suyar ƙosai har ƙarfinta ya ƙare, dokar akwati ma ba ta tashi ba. Abu ɗaya ne ya canja. Daga wannan Lahadin, ba ta ƙara ja wa takarda wuƙa ba sai an karanta mata abin da ke ciki, kuma duk wadda ke da fuskar mamaci, gefe take ajiye ta.